Yadda Ake Haɗa Macen Kunkuru da Namiji Domin Barbara Ba Tare da Sun Raunata Juna Ba

Bahaushe ya ce kunkuru ya so dambe amma ba shi da yatsa, sai dai duk wanda ya taɓa ajiye manyan kunkuru biyu a tsakar gida ɗaya ya san cewa rashin yatsan bai hana shi damben ba. Na shaida haka a gidan wani dattijo a Agege, wanda ya daɗe yana kiwon wata babbar macen kunkuru da ba ta taɓa damun kowa ba, har jikokinsa kan zauna kusa da ita suna miƙa mata ganye. Ranar da aka kawo mata namiji daga gidan wani abokinsa, aka sake su tare da hantsi, kowa ya tafi harkarsa. Da aka dawo daga sallar azahar sai aka tarar da namijin a rigingine kusa da tankin ruwa, yana ta wutsil-wutsil da ƙafafu cikin rana, kumfa na fita daga bakinsa, ita kuwa tana tsaye tana ƙara tunkuɗarsa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai ba aure ba ne, yaƙi ne." Na ce, "Baba, ba ita ce da laifi ba, mu ne muka yi gaggawa."

Abin da ya kamata mai kiwo ya fara fahimta shi ne, kunkuru ba dabbar garke ba ce. A daji kowanne yana zaman kansa, namiji da mace kan haɗu na ɗan lokaci, a yi barbara, kowa ya kama gabansa. Idan mace ta tasar wa namiji da karo da cizo, kusan kullum akwai dalilin da ake iya ganowa, kuma matakan da ke tafe hanya ce ta gano dalilin da kawar da shi tun kafin a zubar da jini.

Mataki na farko shi ne sanin irin kunkurun da ke hannunka. Wanda aka fi ajiyewa a manyan gidaje a Legas shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira sulkata, kuma asalinsa bakin hamada ne, daga Senegal da Mali da Nijar da arewacin Nijeriya har zuwa Chadi da Sudan. Shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra, kuma babban namiji kan haura kilo 50. Irinsa ne shahararren kunkurun nan Alagba wanda ya mutu a 2019 a fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho. Akwai kuma ƙaramin kunkurun kurmi na kudancin Nijeriya, mai wata gaɓa a bayan ƙoƙonsa da yake rufe ƙafafunsa na baya da ita. Waɗannan biyun ba a haɗa su ko kaɗan, domin abincinsu da yanayin da suke so sun bambanta, kuma babban zai iya murƙushe ƙaramin. Yawancin abin da zan faɗa ya shafi na Sahel ne, tun da shi ne faɗansa ke yin kisa. A nan ne kuma ya dace a tuna cewa dukkansu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya ta kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Wanda yake neman namiji ya nemi aro ko saye daga wanda ya ƙyanƙyashe a gida, kada ya ƙarfafa masu kamowa daga daji.

Mataki na biyu shi ne tabbatar da cewa macen mace ce, kuma a kan wannan zan ɗan tsaya, domin a nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Ƙaramin kunkuru, namiji ne ko mace, kamanninsu ɗaya ne, ba a iya rarrabe na Sahel da tabbaci sai tsawon ƙoƙonsa ya kai wajen santimita 30 zuwa 35. Mai sayarwa zai ce maka mace ce saboda mace kake nema, ka yi shekaru kana kiranta da sunan mace, ranar da ka kawo wani namijin sai ka ga yaƙin da ba ka taɓa gani ba, domin maza biyu ba sa zama wuri ɗaya. Ku kama shi ku biyu, ku ɗaga gefe ɗaya a hankali ba tare da kun kifar da shi gaba ɗaya ba, ku duba abubuwa huɗu. Ƙoƙon cikin namiji yana da loko kamar na akushi, wanda ke ba shi damar daidaita a bayan mace, na mace kuwa a shafe yake. Wutsiyar namiji doguwa ce mai kauri, yana naɗe ta gefe ɗaya, kuma dubura tana can kusa da ƙarshenta, ta mace gajeruwa ce kamar ɗan yatsa. Bakin ƙoƙon ciki ta wajen wutsiya a namiji yana buɗewa da faɗi, a mace kuwa ya zagaye domin wucewar ƙwai. Sannan akwai wasu ƙahoni biyu da ke fitowa daga ƙoƙon ciki a ƙarƙashin wuya, na namiji sun fi tsawo sun kuma tanƙwaro sama, kuma da su ake yin karo. Kada hawa ya ruɗe ka, domin mace ma takan hau bayan wata macen ko bayan namiji don nuna fifiko. Idan alamun sun rikita ka, ka kai wa likitan dabbobi ko ka jira wata shekara.

Mataki na uku, ka duba ko ta isa. Balagar kunkuru ta fi bin girman jiki a kan yawan shekaru, shi ya sa wadda aka ciyar da kyau a gida kan riga ta daji balaga da shekaru masu yawa. Macen da tsawonta bai kai santimita 40 ba a ƙyale ta, haka nan kada a haɗa ta da namijin da ya ninka ta nauyi. Ƙaramar mace idan ta ga ba ta da wurin gudu sai ta koma cizo, idan kuma barbarar ta kama, ƙwan na iya maƙale mata.

Mataki na huɗu shi ne killace baƙon. Duk sabon kunkurun da ya shigo gida a ware shi aƙalla wata 3, wata 6 ya fi, da kwanon ruwansa dabam da wurin cinsa dabam. Akwai cututtukan numfashi da kunkuru ke ɗauke da su ba tare da alama ba, sai wahalar sauyin wuri ta fito da su: majina, kumfa a hanci, kumburin ido, numfashi da baki a buɗe. Laimar Legas tana tsananta waɗannan ga dabbar da aka halitta don busasshiyar ƙasa, kamar yadda take jawo ruɓar ƙoƙon ciki ga wanda ke kwana a kan jiƙaƙƙen siminti. Mace marar lafiya ba ta karɓar namiji. A kai kashin dukansu biyu a duba tsutsar ciki, kuma a nan akwai gargaɗin da nake so kowa ya riƙe da kyau. Maganin tsutsa da ake kira aibamektin, wanda masu raguna da shanu a Alaba Rago da mayankar Agege suka sani da sunan Ivomec, guba ne ga kunkuru, yana shanye masa jiki ya kashe shi. Kada wani ya ce maka ai yana yi wa tumakinsa aiki. Maganin tsutsar kunkuru likita ne zai zaɓa ya kuma auna shi daidai da nauyin dabbar.

Mataki na biyar ya shafi cikin macen. Macen kunkuru tana iya ɗaukar ƙwai ko da ba ta taɓa ganin namiji ba, kamar yadda kaza ke yi, kuma idan ta taɓa haɗuwa da namiji tana iya ajiye maniyyinsa a jikinta shekaru tana yin ƙwai masu rai da shi. Mace mai ƙwai a ciki takan yi zafin rai ƙwarai. Za ka ga ta rage cin abinci, tana zagaye katanga ba hutawa, tana shinshina ƙasa, tana tono da ƙafafun baya, tana kuma tunkuɗe duk abin da ya tare mata hanya. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a gidan dattijon nan na Agege. Tsakar gidan gaba ɗaya siminti ce, kuma da muka duba da kyau sai muka ga faratan ƙafafunta na baya sun cinye, akwai kuma wani lungu a gindin katanga da ta ƙarce har ya yi fari. Wurin saka ƙwai take nema, sai aka kawo mata namiji. Hoton asibiti yana nuna ƙwan kunkuru sarai, don haka idan kana shakka ka kai ta a ɗauka. Idan akwai ƙwai, a ɗage maganar barbara, a tanadar mata wurin tono. Idan ta yi kwanaki tana yunƙuri ba ta saka ba, ta daina ci, jikinta ya yi sanyi, to ƙwan ya maƙale, kuma wannan aikin likita ne na gaggawa. Kada kowa ya yi mata allurar naƙuda a gida.

Mataki na shida shi ne gyaran wuri, kuma a ganina rabin nasarar a nan take. Gidajen Legas ƙuntatattu ne, wanda yake zaune a gidan haya a Idi-Araba ko Obalende, inda tsakar gida ta kowa da kowa ce, ya haƙura da kiwon wannan babban kunkurun don haihuwa, domin filin ba zai isa ba. Wanda yake da fili ya raba shi gida biyu, na namiji dabam na mace dabam, da katangar bulo jeri uku a sama da kuma tushe mai zurfi a ƙasa, saboda kunkurun Sahel gwanin haƙa rami ne. Katangar ta zama wadda ba a hangen abin da ke bayanta. Idan ta waya ce ko ta ƙarfe mai tazara, namijin zai wuni yana tura ta, macen kuma ta wuni cikin fargaba. Sai a keɓe wuri na uku don haɗuwa, wanda ba na ɗayansu ba ne, domin macen da ta shekara tana mulkin tsakar gida tana ɗaukar duk wanda aka saka mata a matsayin ɗan kutse. Ƙasan wurin ya zama turɓaya ko ciyawa, ban da tayil mai santsi, ban da tudu ko matakala ko bakin kwata inda ɗaya zai iya kifewa. A dasa abubuwan da ke tare gani a tsakiya, kamar kututturen itace ko manyan tukwanen shuka masu nauyi, yadda macen za ta iya kewayawa ta ɓace wa namijin. A kula kada a bar lungun da za a iya ritsa ɗaya a ciki. A sa inuwa a gefe biyu, a zuba ciyawa wuri biyu masu nisa da juna. A ɓangaren macen kuma a tara cakuɗen yashi da ƙasa mai zurfin aƙalla santimita 60, a wurin da rana ke samu kuma ruwan sama ba ya kwanciya.

Game da abinci, tun watanni kafin haɗuwar a tsayar da su kan ciyawa ɗanya da busasshiya, a ƙara da ganyen yakuwa da ɗan zogale da kabewa jefi-jefi. A rage 'ya'yan itace, a daina ba su tuwo da burodi da ragowar abincin gida. Macen tana bukatar sinadarin kalsiyam don ɓawon ƙwai, ana samunsa ta hanyar barbaɗa mata garin ɓawon ƙwan kaza da aka tafasa aka busar aka daka, kuma jikinta ba zai amfana da shi ba sai tana samun hasken rana kai tsaye.

Mataki na bakwai, zaɓen lokaci. A ƙasarsa ta asali kunkurun Sahel ya fi yin barbara a ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Nuwamba. A Legas ruwa kan ja har cikin Oktoba, don haka ƙarshen Oktoba zuwa Disamba ya fi dacewa, ƙasa ta fara bushewa, ƙwan da za a saka kuma ba zai faɗa cikin ambaliyar Yuni da Yuli ba. A cikin yini, a zaɓi safiya bayan sun sha hantsi sun ci abinci, ko kuma bayan la'asar. Tsakar rana ba lokacin wannan aiki ba ne.

Mataki na takwas shi ne haɗuwar kanta. Kwana biyu ko uku kafin ranar, a ɗebo ɗan ƙasa ko ciyawar shimfiɗa daga wurin namijin a zuba a wurin macen, a yi haka ta ɗaya ɓangaren ma, domin kunkuru yana aiki da sansana ƙwarai. Ranar haɗuwar a fara shigar da macen ta zagaya wurin ta san mafakarsa, sannan a shigo da namijin ta can nesa. Ku kasance ku biyu, da faffaɗan katako a hannu wanda za a iya zurawa tsakaninsu, kuma kada kowa ya sa hannu kusa da bakinsu ko tsakanin ƙoƙonsu. Zaman farko kada ya wuce rabin sa'a, kuma ba a barin wurin ko da na minti ɗaya ne.

A nan wajibi ne mai kiwo ya iya rarrabe neman aure da faɗa, domin neman auren kunkuru ba shi da ladabi. Namiji zai bi macen, ya zagaye ta, ya bugi gefen ƙoƙonta, wani lokaci ya ɗan ciji ƙafarta don ta tsaya, sannan ya hau yana wani gurnani da ake ji daga nesa. Mace mai karɓa takan yi tafiya kaɗan ta tsaya, wata ma ta ci gaba da cin ciyawarta kamar ba abin da ke faruwa. Duk wannan a bar su. Abin da ba a bari shi ne idan macen ta juyo ta fuskance shi, ta miƙe a kan ƙafafunta, ta janye kai ta kai masa karo da ƙahonin ƙirjinta, ko ta sa su a ƙarƙashin gefensa tana ɗagawa don ta kifar da shi, ko ta kama wuyansa ko fatar hammatarsa da baki. Ƙahonin nan suna iya huda fata mai taushi a inda ƙafa ke shiga ƙoƙo. Haka nan idan ta shige cikin ƙoƙonta ta ƙi fitowa, ko tana ta ƙoƙarin hawa katanga, ita ma ta ba da amsa. A zura katakon, a mayar da kowa wurinsa. Wanda aka kifar kuwa a juyo shi nan take amma a hankali, domin huhun kunkuru yana sama ne a ƙarƙashin ƙoƙon baya, idan ya kife kayan cikinsa suna danne huhun, ga kuma zafin rana, cikin 'yan sa'o'i sai a rasa shi.

Idan ta ƙi, a jira mako ɗaya ko biyu a sake gwadawa. Idan aka yi sau uku ko huɗu amsar ba ta sauya ba, a bar maganar sai wata shekara, ko a gwada wani namijin, domin akwai macen da ke ƙin wani ta karɓi wani. Dabarar nan ta kulle su tare a ɗaki har su saba ba ta haifar da komai sai rauni, kuma wanda aka fi ƙarfi a cikinsu zai daina ci ya rame a hankali. Wanda yake da kunkuru mata biyu ko uku ya fi samun sauƙi, domin naci da takurar namijin suna rarrabuwa a kansu, amma ya sa ido, matan ma sukan yi faɗa a tsakaninsu.

Mataki na tara, duba rauni bayan kowace haɗuwa. A duba wuya da hammata da cinyoyi da wutsiya da gefen ƙoƙo. Ƙaramin ƙwarzane a wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce da ɗan gishiri, a shafa aidin da aka sirka da ruwa har ya yi launin shayi marar kauri, a ajiye dabbar a busasshen wuri mai ragar sauro. Ƙudan Legas ba ya jira, raunin da aka bari a buɗe yana iya yin tsutsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Rauni mai zurfi, da tsagewar ƙoƙo, da al'aurar namiji da ta fito ta ƙi komawa, duk na likita ne. A na ƙarshen, a lulluɓe wurin da tsabtataccen ƙyalle mai laima a kan hanyar zuwa don kada ya bushe. Bayan taɓa kunkuru ko kashinsa a wanke hannu da sabulu, musamman yara, saboda yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi.

Idan barbara ta tabbata sau biyu ko uku, aiki ya ƙare, a mayar da namijin bayan katangarsa ya zauna can. Bayan kamar wata 2 macen za ta fara zagaye da tono, faɗanta zai dawo, wannan karon a ba ta wuri kawai, a hana yara da karnuka zuwa kusa. Takan fara haƙa ramuka ta bari kafin ta zaɓi ɗaya, sannan ta saka ƙwai tsakanin 15 zuwa 30 ta binne. Wanda zai kwashe su ya jira ta gama ta bar wurin, ya tona da hannu, ya yi wa saman kowanne alama da fensir, ya ɗauke shi yadda ya same shi, domin ƙwan kunkuru ba a juya shi kamar na kaza. A jera su cikin yashi mai ɗan danshi a zafin digiri 29 zuwa 31, nesa da tururuwa da ɓeraye, a sa ran ƙyanƙyasa bayan kamar wata 3 zuwa 4. Zafin ne ke ƙayyade jinsin 'ya'yan, idan ya yi sama a fi samun mata, idan ya yi ƙasa a fi samun maza. Ita kuwa uwar a jiƙa ta cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi ta sha ta huta, a ƙara mata ciyawa da garin ɓawon ƙwai, kuma a bar tarin yashin a inda yake, domin tana iya sake saka wasu ƙwan bayan 'yan makonni ba tare da an sake kawo mata namijin ba.